Na ɗaga gaban Hilux inci 2, wane rim da wace taya za su shiga?

Baban Hafsa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema kafin in fitar da kuɗi. Hilux gare ni ƙirar 2017, mai ƙofa huɗu, injin fetur 2.7, mai ja da ƙafa huɗu. Makon jiya na kai aka ɗaga min gabanta inci 2, saboda tun da na saye ta gaban a duƙe yake, ga ƙarfen ƙasan injin yana yawan taɓa ƙasa a hanyar gonata wajen Saminaka. Yanzu ta daidaita, sai dai tayoyin sun koma kamar na aro, sarari ya yi yawa a samansu. Abin da ke kai yanzu 265/65R17 ne a kan rim ɗin kamfani. Na ga wani baƙin rim mai inci 20, faɗinsa inci 9, mai shagon ya ce zai hau. Wani abokina kuma ya ce in zauna a 17 in sa taya 285/70. Wanne ne zai shiga ba tare da gugar bodi ba? Ku lura ina ɗaukar taki da masara, ba ta yawon gari ba ce kawai.

Ɗan Tudun Wada: Wa'alaikumus salam. Yaya, ɗauki 20 ɗin nan, kada ka tsaya dogon lissafi. Motar da aka ɗaga sai taya ta leƙo waje take cika ido. Ni 20 ne a tawa, duk inda na tsaya sai an tambaye ni inda na saya.

Bakaniken Fanteka: Alhaji, "zai hau" ɗin mai shago me yake nufi? In nufinsa ramukan noti shida ne kamar naka, to bai ce komai ba tukuna. Ramukan Hilux irin taka 6x139.7 ne, wato noti shida a kan da'ira mai milimita 139.7. Ford Ranger ma haka take, L200 ma haka, Silverado ta Amurka ma haka. Amma ramin tsakiyar rim, inda yake zama a kan hob, wato cibiyar ƙafar mota da ake ɗaura rim a kai, na Hilux milimita 106.1 ne, na Ranger 93.1, na Silverado 78.1, na L200 67.1. Ka ga noti sun yi daidai amma rim ɗin ba zai zauna ba. Na sha ganin an kai wa mai tonin ƙarfe ya faɗaɗa ramin, ni kuwa ba na sa hannu a wannan aikin. Navara kuwa ƙirar D40 ramukanta 6x114.3 ne, ko kusa ba ta zo ba.

Babban abin kuma shi ne ofset. Koma shagon ka ce a kifa rim ɗin, a bayansa za ka ga an buga ET da lamba. Ka duba na motarka ma. Ka kawo mana lambobin nan biyu, sai a yi magana.

Baban Hafsa: Na gode Oga. Na sa yaro ya kwance safaya mun duba, an rubuta 17x7.5 da ET30. Na kira mai shago, ya ce nasa 20x9 ne, ET-12. Ramin tsakiya ya ce 106 ne. Me wannan ET ɗin ke nufi a aikace?

Bakaniken Fanteka: Madalla. Ka ɗauka an raba faɗin rim biyu daidai. Wurin da rim ke mannewa da hob, in yana tsakiya cif, ofset sifili ke nan. In ya matso ta waje, lambar ta zama ta ƙari, taya sai ta shige cikin bodi. In ya koma ta ciki, lambar ta zama ta ragi, taya sai ta fito waje. Naka +30 ne, na shagon -12. Tazararsu milimita 42. Ƙara da rabin faɗin da aka ƙara, inci ɗaya da rabi ne bambancin faɗin, rabinsa milimita 19. Ke nan leɓen rim ɗin zai fito waje da milimita 61 fiye da inda yake yanzu. Kusan faɗin yatsu uku zuwa huɗu.

A tsaye a shago ba za ka ga matsala ba. Sai ka murza sitiyari. Taya ba a kan tsakiyarta take juyawa ba, kewaya take yi a kan layin boljoyin na sama da na ƙasa. Duk yadda ka tura ta waje, da'irar da take sharewa ƙara faɗi take. Gefen bayanta sai ya je ya sami robar tare laka da ƙarfen da bodi ke zaune a kan shasi, nan bayan tayar gaba. Gefen gabanta kuma ya sami ƙasan bamba. A Hilux wurin nan na baya shi ne ke fara ci.

Ɗan Tudun Wada: Amma Oga ai ya ɗaga inci 2. Sararin da ya samu fa?

Bakaniken Fanteka: Ƙanena, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ɗagawa ba ta ƙara girman ramin taya ko da milimita ɗaya. Abin da aka yi, an sa sifesa, wato abin ciko, a kan shokazoba, motar ta koma tsayawa a sama kaɗan. Amma ranar da ta faɗa rami, ko ƙafa ɗaya ta hau tudu da lodi, taya za ta koma sama har inda robar tsayarwa ta tare ta, kuma robar tana inda kamfani ya sa ta. Sararin da kake gani na lokacin da mota ke tsaye ne. Ta gaba da ta baya kuwa, inda ake guga, ba abin da ya ƙaru.

Mazaunin Hustan: Salamu alaikum. Bari in sa baki, tunda wannan salon daga nan Amurka ya fi yaɗuwa, kuma hotunan da matasanmu ke gani a Instagram yawanci na motocin nan ne. Ni F-150 nake ja a Teksas. Kamfani da gangan yake barin bayan a-kori-kura a sama, don in an yi lodi ko an ɗaura tirela ta dawo daidai. Mutane da yawa a nan ba sa ɗaukar komai sai kayan cefane, shi ya sa suke ɗaga gaba inci 2 don ta yi kyau a ido kuma su sa babbar taya.

Abin lura, motocin nan tun asali manya ne. F-150 da yawa da 275/65R18 suke fitowa, tsayinta ya haura inci 32 tun daga kamfani. Shi ya sa in an daidaita gaba ake sa mai inci 33 cikin sauƙi, wasu har 35 in sun yarda a yanke wani wuri. Taya 265/65R17 ta Baban Hafsa inci 30 da rabi ce da ɗan ɗoriya. Wanda ya ɗauko lissafin F-150 ya ɗora wa Hilux ya ɗauko rigar wansa ne. Ko rim ɗinmu ba ya hawa taku, namu 6x135 ne tun 2004. In kuna son ƙirar Amurka da ta yi kusa da Hilux, Tacoma ce ta 2005 zuwa 2023, ita ce mai 6x139.7 da ramin tsakiya 106.1. Tundra ta 2007 zuwa 2021 noti biyar ce, 5x150, irin na Land Cruiser 200.

Kuma kada hoto ya ruɗe ku. Masu tayar da ta leƙo waje sosai, da yawansu sun yanke roba, wasu sun kai an yanke ƙarfen mazaunin bodi an yi masa walda. Hoto ba ya nuna wannan.

Direban Agadas: Gaisuwa ga manya. Ni dai abin da ban gane ba shi ne rim 20 ga motar da ke zuwa gona. Mu nan tsakanin Agadas da Dirku, abin da muke kallo ga taya shi ne tsawon gefenta. In mun shiga rairayi sai mu sauke iska zuwa kilo ɗaya da rabi, wani wuri ƙasa da haka, taya ta baje ta yi tsawo a ƙasa kamar tafin raƙumi, kat-kat ta wuce. Taya mai gajeren gefe in ka rage mata iska, rim ne zai sauka bisa dutse. Land Cruiser ɗinmu rim 16 ne, taya 7.50R16 ko 235/85R16, siririya doguwa. Ba mu neman faɗi.

Mai Taya Kofar Ruwa: Maganar direba gaskiya ce, bari in sa mata lamba. Lambar tsakiya a jikin taya kaso ne cikin ɗari na faɗinta. 265/65 na nufin gefen ya kai kaso 65 na milimita 265, wato 172. In Alhaji ya hau rim 20 yana son tsayi ya zauna yadda yake, 265/50R20 zai sa, gefenta 132 ne. An rage milimita 40 na robar da ke tsakanin rim da bakin rami. A hanyar Saminaka da damina, wannan 40 ɗin ita ce bambancin ka ji gif ka wuce, da ka tsaya kana kallon kumburi a gefen taya ko rim ya lanƙwashe. Sannan in ta fashe maka a ƙauye, mai facin da zai iya cire taya daga rim 20 ba tare da ya ɓata leɓen ba sai an tona. Ni mai sayarwa ne, 20 ta fi kawo min riba, amma ba zan ce ka saya ba.

Ga tsayin waɗanda ake magana a kai:
265/65R17 milimita 776
265/70R17 milimita 803
275/70R17 milimita 817
285/70R17 milimita 831

Rabin bambancin ne kawai ke ɗaga mota daga ƙasa. 265/70 za ta ba ka milimita 13, 285/70 kuma 27.

Baban Hafsa: To na haƙura da 20. Amma 285/70R17 fa? Milimita 27 ba kaɗan ba ce a hanyata, musamman ga ƙwallon difarenshiyal na baya, wanda na lura ɗagawar ba ta taɓa shi ba.

Bakaniken Fanteka: Ka lura daidai, taya ce kaɗai ke ɗaga wannan. Amma 285 tsaka mai wuya take sa mutum a Hilux. A rim ɗinka na +30, faɗinta ya ƙaru da milimita 10 ta ciki, sai ta matse kusa da hannun sama, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba ta sama, har wani lokaci yatsa ba ya shiga tsakaninsu. Don ka tsere wa wannan sai ka nemo rim mai ofset kusa da sifili, da ka fito da ita kuma sai ta sami mazaunin bodi a kwana. Masu sa ta suna sawa, amma sai da cire robar laka, da yanka, da walda, wani lokaci da sauya hannun sama. Motar da kake ɗaukar iyali a ciki, ni ban so a yanke ƙarfen da bodinta ke zaune a kai don taya.

Ga kuma inji. 2.7 na fetur inji ne mai juriya, amma ba mai ƙarfin ja daga ƙasa ba ne kamar 2.8 na dizal. Taya mai 831 ta fi taka da kaso 7 cikin ɗari. Kamar an tsawaita maka kowace giya ne da kaso 7. Da buhu takwas a baya za ka ji shi a tashi, za ka ji shi a hawa, kulocinka ma zai ji. Malejinka in ya nuna 100, gudun ya ƙaru da 7 a kan abin da yake a da. Birki ma aikinsa ya ƙaru, don taya mai tsayi da nauyi ta fi wuyar tsayarwa. 265/70 kaso 3 da rabi ne, wannan mota na ɗauka ba tare da ƙorafi ba.

Malamin Gembu: Ina goyon bayan Oga a kan inji. Na sa 285/70 a tawa, ita ma 2.7, shekara ɗaya na yi da su. Hawan dutsen Mambila daga Mayo Selbe, kwanonin da nake sha da giya ta biyu sai da na koma ta ɗaya in da kaya. Saukowa kuma birki ya riƙa ɗumi fiye da da. Mai kuwa tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san lissafinsa. Na sayar da su na koma 265/70.

Sai dai ina da ja a wani wuri. Ni a ganina tun farko bai kamata mai ɗaukar masara ya daidaita gaba ba. Baban Hafsa, ka gwada loda ta tun da aka ɗaga?

Baban Hafsa: Na ɗauki taki buhu goma jiya, na kilo 50. Gaskiya bayan ya sauka ƙasa da gaban, kuma da dare masu tahowa sun yi ta ƙyafta min fitila.

Malamin Gembu: To ka gani. Inci biyun da ka cike a gaba, kamfani ya bar su ne saboda lodin. Yanzu da kaya hancin na kallon sama, fitila na shiga idon mutane, sitiyari kuma zai yi sakayau. Ni da zan ba da shawara, a cire sifesar nan.

Bakaniken Fanteka: Malam, ban ƙi maganarka ba, amma ban kai ga a cire ba. Mutumin nan ƙarfen ƙasan injinsa ke dukan ƙasa, kuma ɗagawar ta magance wannan. Inci 2 shi ne iyakar da nake yarda da ita a ƙafar gaban Hilux, bayan haka shaf ɗin gaba na karkacewa da yawa, robarsa ta riƙa yagewa, boljoyin na sama ya riƙa kaiwa maƙura. A inci 2 ana zama lafiya. Abin da ya rage masa shi ne baya: a ƙara masa ganyen sifirin ɗaya kowane gefe, sai bayan ya ɗan hau kuma ya daina zama da lodi. A gyara saitin fitila, wannan aikin minti goma ne a gaban bango. Kuma Alhaji, an yi maka alaimen, wato saitin kusurwar tayoyi, bayan ɗagawar?

Baban Hafsa: A'a. Wanda ya yi aikin ya ce ba dole ba ne tunda bai taɓa tayarod ba.

Bakaniken Fanteka: Dole ne. Da zarar tsayin gaba ya sauya, kusurwar tayoyin duk ta sauya ko ba a taɓa tayarod ba. In ka sa sababbin taya a haka, cikin 'yan watanni gefe ɗaya zai cinye. Kuma akwai amfani na biyu. A hannun ƙasa na Hilux akwai notocin saiti guda biyu kowane gefe. In mai alaimen ya san aikinsa, ka ce ya ƙara maka kasta, wato yadda layin da taya ke juyawa a kai ya kishingiɗa baya, gwargwadon abin da littafi ya yarda. Wannan na matso da taya gaba kaɗan, ta nisanci wurin da take guga a baya. 'Yan milimitoci ne, amma sau da yawa su ne ke raba guga da rashinta. Ka je wurin mai na'ura, kada a yi maka da zare.

Hajiya Mai Kaji: Assalamu alaikum. Ba na yawan magana a nan, amma akwai abin da ban ga an ambata ba kuma ya kusa jawo mana asara. Bara muka sauya rim a Hilux ɗin da ke kai mana ƙwai da abincin kaji. Rim ɗin ya hau lafiya, aka mayar da notocin da suka zo da motar. Kwana huɗu, direbana ya kira ni daga wajen Kwanar Dangora ya ce sitiyari na rawa. Allah ya sa ya tsaya. Notoci uku na ƙafar gaba sun kwance, da hannu ake juya su. Ashe notin rim ɗin kamfani mai shimfiɗaɗɗen gindi ne da wosha, sabon rim ɗin kuma raminsa mai gangara ne kamar mazurari, noti mai tsini yake so. Na kamfanin bakin ramin kawai ya kama. Don Allah duk wanda zai sayi rim ya sayi notinsa tare.

Bakaniken Fanteka: Allah ya ƙara tsarewa Hajiya, kin tuna mana babban abu. Zaren notin Hilux M12x1.5 ne, a tabbatar da wannan ma. In ramin tsakiyar sabon rim ya fi 106.1, kamar masu 108 ko 110, a sa zoben cikewa. A ɗaure da sifana mai awo yadda littafin motar ya ce, ba a hau kan sifana da ƙafa ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bi.

Mai Taya Kofar Ruwa: Tunda an zo kan lodi, Alhaji ka duba ƙarfin rim ɗin ma. Akwai masu kyau a ido da aka yi don ƙananan jif. Nemi wanda aka buga nauyin da yake ɗauka a bayansa, ko mai tambarin JWL-T, wanda shi ne ma'aunin Japan na motocin ɗaukar kaya. In mai shago ya kasa nuna maka ko ɗaya, bar masa kayansa. Hanya mafi sauƙi ma, rim ɗin Prado 150 na asali, 17x7.5 ne ET25, noti da ramin tsakiya duk irin naka ne, milimita 5 kawai zai fito da taya.

A taya kuma duba lambar da ke bayan girman. 112 na nufin kilo 1,120 kowace taya, 115 kilo 1,215, 121 kilo 1,450. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke kan taka ta yanzu. Ni da LT zan ba ka, wato tayar ƙananan motocin ɗaukar kaya, mai ninki goma, ƙaya da kututturen gona ba sa huda ta da sauƙi.

Malamin Gembu: Ninki goma a Hilux ya yi yawa, Alhaji mai taya. Wannan tayar manyan motocin Amurka ce masu jan tirela. Nauyi gare ta, kuma LT sai an ba ta iska fiye da ta yau da kullum kafin ta ɗauki nauyi ɗaya. In motar ba kaya, kowane tsakuwa sai ka ji shi a ƙugunka. Mai ninki shida ko takwas ta ishi wanda rabin tafiyarsa a kwalta ne.

Direban Agadas: Mu dai mai kauri muke so, don wurin da muke zuwa babu mai faci. Amma wanda ke kwana gida kullum, maganar Malam ta fi.

Mai Taya Kofar Ruwa: Na karɓa, in ya samu mai shida ko takwas a wannan girman ya ɗauka, sai dai ba kullum ake samunsu a kasuwa ba. Zane kuma A/T zai nema, wato na kwalta da hanyar ƙasa duka, irin su Geolandar, Dueler, Grandtrek ko KO2, gwargwadon aljihu. M/T mai manyan haƙora sai wanda ke cikin taɓo kullum: tana kuka a kwalta, riƙonta a jiƙaƙƙen titi bai kai ba, kuma kafaɗarta a murabba'i take, ta fi saurin guga ko da girman ɗaya ne a rubuce. Wannan ma abin sani ne, 265/70 ta wani kamfani ba lallai ta zo daidai da ta wani ba.

Sai kwanan wata. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2324 na nufin mako na 23 a 2024.

Mazaunin Hustan: A kan shekaru, nan abin da Michelin ke cewa shi ne bayan shekara biyar a riƙa dubawa duk shekara, in ta kai goma a cire ko da zanenta na nan. Na ji a gida ana cewa huɗu.

Mai Taya Kofar Ruwa: Huɗu 'yan Rod Sefti ke faɗa, daga ranar da aka ƙera. Ana iya muhawara a kai, amma shi Alhaji a titin Kaduna zai haɗu da su, ba a Teksas ba. Kuma zafin kwaltarmu a watan Afrilu da yadda ake jibge taya a rana a wasu wurare, ni ban ga laifin taka tsantsan ba. Tun da Michelin da Dunlop suka daina ƙera taya a Najeriya, duk abin da muke sayarwa sai ya sha tafiya a ruwa da zama a sito, don haka taya na iya zuwa hannunka da shekara ɗaya ko fiye a kanta. Nemi wadda ba ta wuce haka ba. 'Yan gwanjo kuwa ba na ba mai ɗaukar lodi shawararsu ko kaɗan.

Ɗan Tudun Wada: Na ji duk bayanan nan kuma na ƙaru. Amma a yi adalci, ba kowa ke zuwa gona ba. Tawa daga gida sai shago sai Abuja. Kuma tun da na faɗaɗa ƙafafun na ji ta fi zama a kwana. Son mota ta yi kyau ai ba laifi ba ne.

Bakaniken Fanteka: Ba laifi ba ne ko kaɗan, kuma zaman da ka ji a kwana gaskiya ne, faɗin ƙafa da gajeren gefe na ba da wannan a titi mai kyau. Abin da nake so shi ne mutum ya san abin da ya biya. Taya da ta fito waje tana ɗora wa boris nauyi ta gefe, tana sa sitiyari ya fizge in ƙafa ɗaya ta daki rami, tana watsa tsakuwa a ƙofofinka da gilashin na bayanka. In ka san haka ka zaɓa, motarka ce. Shi Alhaji lissafinsa daban.

Alhaji, in baƙin rim kake so, nemi 17x8 mai ET tsakanin +15 da +25, ka sa 265/70R17. Kada ka biya kuɗin huɗu sai an haɗa ɗaya an ɗaura a gaba. A sauke jak, a murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a yi gaba a yi ribas. Sannan a hau da ƙafar kan tudu ko bulo a sake murzawa, wani ya leƙa da tocila: bayan taya, ƙasan bamba, hannun sama, da tsakanin rim da kan birki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan sai an sa yatsa.

Baban Hafsa: 'Yan'uwa na dawo da rahoto bayan kwana tara. An fara yin alaimen da ƙarin kasta, an ƙara ganye ɗaya a baya, an sauke fitila. Na samu 17x8 ET20 mai tambarin da Alhaji mai taya ya ce, da notocinsa. Taya 265/70R17 A/T, lambar nauyi 115, ƙirar bara. Mun yi gwajin bulo. Dama ba ta taɓa komai, hagu tana shafar robar laka in an murza duka a ribas, sai aka ɗumama robar aka tura ta baya kaɗan, shi ke nan. Na je gona na dawo da buhu bakwai, ban ji guga ba. Tashi ya ɗan yi nauyi amma ba sosai ba. Allah ya saka wa kowa da alheri. Safaya ce kawai ban sauya ba, kuɗi sun ƙare.

Bakaniken Fanteka: Ma sha Allah, Allah ya sa alheri. Safayar nan ta fi sauran gajarta da milimita 27, don haka ta kai ka wurin mai faci ce kawai, a hankali, kuma kada ka sa giyar ƙafa huɗu tana kai. In ta baya ce ta fashe da lodi, gara ka ciro ta gaba ka mayar baya, safayar ta zauna a gaba. Ka ajiye notocin kamfani guda shida a cikin mota, don rim ɗin safayar su yake so, ba sababbin ba. In kuɗi sun samu, 265/70 na shiga ƙarƙashin bodi inda tsohuwar take.

Ɗan Tudun Wada: Oga, na kwance nawa na duba, ET-12 ne shi ma. Kwana biyun nan ina jin wani gurnani daga gaban hagu in na wuce 80, yana ƙaruwa in na karya dama. Taya ce ko boris?

Bakaniken Fanteka: Ƙarar da ke sauyawa da karya sitiyari ta fi kama da boris. Ɗaga ƙafar a jak, kama taya sama da ƙasa ka girgiza, sannan ka juya ta da hannu ɗaya, ɗayan hannun a kan sifirin, in akwai gurzawa za ka ji ta a tafinka. Ka shafa zanen tayar ma ka ji ko ya ci hawa-hawa. Kada ka hau hanyar Abuja da ita sai ka duba, ka faɗa min abin da ka samu.